Sirrin Amya Ta Bakwai

Ranar da Tinkara ta fara ganin Lovro, a guje ta gan shi.

Wata Asabar ce a watan Afrilu, itatuwan tuffa na bayan gidan Dolinar sun cika da fure. Ƙungiyar masu kiwon zuma ta kwarinmu ce ta ɗauko shi daga birnin Kranj, ya riƙa bi gida-gida yana nuna wa mutane sabuwar na'urar da ake sa wa amya. Ya sauko daga mota fes da shi, ya sha turare, ya nufi ɗakin zuma ta gaba, daidai hanyar da ƙudan zuman ke fita kiwo.

Ba a yi minti guda ba ta hango shi ya yar da jaka, ya keta ta cikin latas ɗin mahaifiyarta, ya je ya tsoma kansa a kwamin ruwan shanu.

Ta bi shi a hankali, ta jira ya ɗago. Leɓensa na sama har ya fara tashi.

"Kai ne aka ce za ka koya mana kiwon zuma?"

"Ni ne," ya ce, ruwa na zuba ta gemunsa. "Amma ba yau ba."

Ta danne dariya, ta zaunar da shi a kan kututture, ta sa farce tana kankare masa ƙarin da ƙudan suka bari. Huɗu a wuya, ɗaya a leɓe. Bai yarda ya kalle ta ba sai da ta zo kan na leɓen, sannan idanunsu suka haɗu. Ita ce ta fara kawar da nata.

Mahaifinta, Silvo Dolinar, ya fito daga ɗakin zuma da tukunyar hayaƙi a hannu. Shekara goma sha tara ya shugabanci ƙungiyar kafin ya sauka, kuma duk kwarin an san shi da abu guda: yana kara kunne a jikin amya zai gaya maka abin da ke damun ƙudan ciki.

Lovro ya miƙe ya gaishe shi, ya shiga bayani da kumburarren baki. Sikeli ne a ƙarƙashin amya, sai ɗan abin auna zafi da na ɗaukar sauti a ciki, su riƙa turo labari waya ko mutum yana ina. Tsohon ya tsura wa bakinsa ido har ya gama.

"Kakana bai da waya," Silvo ya ce da ƙarfi, kamar yana magana da wani a tsallaken kogi. "Ubana bai da ita. Zumarmu ba ta taɓa yankewa ba. Ka gyara latas ɗin matata kafin ka tafi."

Haka Lovro ya durƙusa yana tayar da latas, Tinkara tana miƙa masa ruwa. A nan ya samu lambarta.

Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Barka da Lahadi. Leɓen ya sauka, kunyar ce ta ƙi sauka. Ko akwai maganinta a gidanku?"

Ta amsa: "Babu. Amma an ce kofi a garin Radovljica yana rage ta. Ina tashi daga makaranta ƙarfe uku, Injiniya."

Tun daga nan sunan ya bi shi. Shi kuma ya yanke nata ya koma Tinka, idan ya so tsokana ya ce Sarauniya.

Yara ƙanana take koyarwa, don haka kullum akwai fenti a hannun rigarta. Sukan zauna a gaban shagon kofi su raba kek ɗaya, ta ba shi labarin ƙuda, shi ya ba ta labarin wayoyi. Ta gano bai taɓa buɗe amya da hannunsa ba, duk abin da ya sani a allo ya gani. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa.

"To ni ma in ba ka nawa sirrin," ta ce wata rana, tana juya cokali a kofin da babu komai. "Ata, wato babana, ba ya ji."

"Kamar yaya?"

"Shekara uku ke nan. Bakin mutum yake kallo. In mutane suka yi dariya shi ma ya yi. Yana nan yana kara kunne a amya kamar da, amma babu abin da ke shiga. Sanyin da ya wuce gidajen ƙudan zuma shida suka mutu mana, ya ce wa mutane biyu ne. Ranar da Mama ta yi maganar asibiti, kwana uku bai ci abincinta ba."

Lovro ya kama hannunta.

"Ka sa mana na'urar," ta ce. "Kada ya sani. Saƙon ya riƙa zuwa wayata. Amma ka yi min alkawari daga ni sai kai."

"Na yi, Tinka."

Ranar Lahadi, iyayen suna coci, suka sa wa amya huɗu ta baya, suka ɓoye wayoyin a bayan katako. Ba ta taɓa yi wa mahaifinta ɓoyo ba.

A watan Yuni abin ya yi amfani. Zafin amya ta bakwai ya riƙa sauka, sautin ciki ya canza. Lovro ya rubuto mata: "Sarauniyata, ina jin ta bakwai ba ta da tata sarauniyar. Yau kwana tara alamar ke nan, sai yanzu na tabbatar. Ki san dabarar da za ki yi."

Ta bakwai ita ce abin alfaharin gidan. A goshinta akwai zanen da mahaifin Silvo ya yi, dila yana yi wa mafarauci aski.

"Ata," ta ce da rana, tana fuskantarsa, "ƙudan ta bakwai kamar ba sa kawo garin fure."

Ya je ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya buɗe. Babu ƙwai ko ɗaya. Ya ba su sabuwar sarauniya, gidan ya tsira. Wurin cin abinci ya bugi tebur yana ce wa matarsa, "Tun daga ƙofa na ji kukan marayu. Kunnen nan bai tsufa ba, Milka."

Tinkara ta sunkuyar da kai kan farantinta.

A lokacin Silvo ya riga ya gane inda 'yarsa ke zuwa bayan makaranta, kuma bai so ba. Shi Rok Hribar yake so mata. Gidan su Rok suna da amya ɗari uku a kan manyan motoci, kuma tun Rok yana ƙarami yake riƙe saƙar zuma ba safar hannu. Duk Lahadi sai ya zo ya zauna a kicin, ya ci yanka uku na potica, naɗaɗɗen kek ɗin da Milka ke gasawa, yana kallon Tinkara kamar an gama magana.

"Wancan ɗan birnin," Silvo ya ce mata, "ƙudana sun riga sun ba shi amsa. Ni ba abin da zan ƙara."

"Ata, ba ku san shi ba."

"Na san gudunsa."

Taron kaka aka yi a zauren 'yan kwana-kwana, ranar Lahadi da yamma, mutum kusan sittin. An ba Lovro minti ashirin. Silvo yana layin gaba, ya ɗan juya kujerarsa don ya riƙa ganin fuskokin jama'a. Tinkara tana baya wajen teburin shayi.

Lovro bai yi nisa ba Rok ya katse shi.

"Injiniya, bar mu da layuka masu hawa da sauka. Ƙuda nawa abin nan ya taɓa ceta? Ko guda. Ko dai yana auna gudun mutum ne zuwa kwamin shanu?"

Zauren ya ɗauki dariya. Fuskar Lovro ta yi ja har kunne. Ya dubi bayan zaure, ya ga Tinkara ta ji. Abin da ya yi bayan nan, har yau ba ya son a tuna masa.

"Akwai," ya ce. "Ba zan kama suna ba. Gidan wani gwani ne, wanda ba ya ma san an sa masa na'urar ba. Kwana tara amyarsa ba sarauniya, yana kara kunne kullum, bai ji komai ba. Na'ura ce ta ji."

Ya danna, shafin ya fito a bango. Ya goge sunan tun tuni. Ya manta da ɗan hoton da ke kusurwa: dila, aska a hannu, mafarauci a kan kujera.

Babu wanda bai san zanen nan ba.

Sai Rok ya ce, "Ashe kunnen Silvo da batir yake aiki."

Wasu suka kwashe da dariya. Silvo ya ga bakuna sun buɗe, sai shi ma ya yi dariya, har da buga gwiwa, yadda ya saba yi shekara uku. Dariyar mutane ta mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar tasa ita kaɗai. Sannan ya juya ya kalli bango.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki hularsa, ya bi ta tsakiyar kujeru ya fita. Da ya zo daidai teburin shayi bai dubi 'yarsa ba.

Da ta isa gida ta tarar ya ciro na'urorin huɗu, ya zuba su a kwandon dankali, ya ajiye a rumbun ciyawa. Bai yi mata faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya daina zama a bencin gaban coci bayan addu'a. Ya daina zuwa kasuwar Asabar, sai Milka ke kai zuma. Idan Tinkara ta shigo ɗaki, sai ya sami abin yi a waje.

Saƙonnin Lovro suka riƙa shigowa.

"Tinka, ba ni da hujja. An yi min dariya a gabanki, na sayi mutuncina da na mahaifinki."

"Na zo har kan gada sau biyu na juya. Ban san da wane ido zan kalli gidanku ba."

Rok kuwa ya tare ta a hanya ya ce kamfanin su Lovro ya ƙara masa girma saboda labarin amya ta bakwai. "Da ma abin da ya kawo shi ke nan. Gidan Dolinar yake nema, ke ce ƙofa."

Ba gaskiya ba ne, amma ta yarda, domin a lokacin ta fi son ta tsane shi da ta tsani kanta. Ta rubuta masa sau ɗaya.

"Abu guda na ba ka ajiya. Ina taya ka murnar ƙarin girma. Kada ka sake kira na Tinka."

Da Rok ya zo da maganar aure kafin Kirsimeti, ta ce masa, "Kai ka fara dariyar." Silvo yana zaune, ya karanta bakinta. Daga ranar ba a sake yanka wa Rok potica a gidan ba.

A taron Janairu Lovro ya zo ba a gayyace shi ba. Ya tsaya a gaban zauren ya ce ya ci amana, ya tozarta mutumin da bai kai ya riƙe masa tukunyar hayaƙi ba, kuma shi da ke tsaye bai taɓa buɗe amya ba a rayuwarsa. Ya ce ya roƙi kamfani su ba wani ma'aikacin aikin kwarinmu. Wasu suka riƙa kallon takalmansu. Silvo ba ya wurin. Matar mai gidan burodi ce ta kawo wa Milka labarin, Milka ta rubuta shi a bayan kalanda ta tura wa mijinta gabansa. Ya karanta, ya mayar da kalandar bango.

Tinkara ma ta karanta. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi sau goma. Yanzu kunyar abin da ta rubuta masa ce ta hana ta.

Sai a watan Mayu, wata safiya, Silvo ya ce da ita, yana kallon taga, "Kira yaron nan ya zo ya kwashe tarkacensa. Ina son kwandona."

Lovro ya zo. Ya rame. Ya tarar da tsohon a cikin ɗakin zuma, kwandon a gabansa, Tinkara tana tsaye a bakin ƙofa. Ya cire hula, ya matso inda haske zai faɗa a bakinsa, ya yi magana a hankali, ya fara da Gospod, kalmar girmamawa.

"Gospod Dolinar, na zalunce ku. Ba na neman komai. Ina so dai ku ga na faɗa."

Silvo ya dube shi tsawon lokaci. Sannan ya sa hannu a kwandon ya ɗauko ɗan abin ɗaukar sauti, ƙarami kamar maɓallin kwat.

"Wannan ne ke jin su?"

"Shi ne."

"Ji yake, ko lissafi yake?"

"Yana ɗaukar muryar tasu yadda take. Ana iya saurara. Ana iya ƙara ƙarfinta."

Tsohon ya juya abin a tafin hannunsa. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito, kuma a karon nan ba da ƙarfi ba.

"Ƙarawa har yaya?"

Lovro ya karɓa daga hannunsa. Ya zura abin cikin ta bakwai, ya haɗa da wayarsa, ya ciro babban abin saurare daga jaka ya ɗora wa tsohon a kai. Ya ƙure ƙarar.

Silvo ya dafa katako. Bakinsa ya ɗan buɗe. Ya lalubi kujera ya zauna, ya rufe ido, ya danne abin a kunnuwansa da hannu biyu. Tinkara ta ga kafaɗunsa suna motsi, ta juya ta fuskanci waje.

Wayar ta yi ƙara. Lovro ya duba. Ya taɓa hannun tsohon ya nuna masa rubutun: alamar rashin sarauniya.

Silvo ya karanta, ya sake saurarawa, sai ya yi tsaki.

"Ƙarya take yi. Ba rashi ba ne, yawa ne. Saurara." Ya cire abin ya dafa wa Lovro a kai. "Ka ji wata siririya, tuu, tuu, tu-tu-tu? Sabuwar sarauniya ce ta fito, tana neman faɗa. Ka ji masu amsawa daga ƙasa, kamar kwaɗi? 'Yan'uwanta ne, suna cikin ɗakunansu ba su fito ba. In ba a raba gidan nan yau ba, gobe kafin rana ta take rabinsu suna kan itacen maƙwabci."

Suka buɗe. Ga ɗakunan sarauniya biyar a gefen saƙa, ɗaya a fashe. Lovro ya tsaya yana kallon wayarsa kamar ya jefa ta a kogi.

"Na ji wannan kukan ya fi sau ɗari a kwamfuta," ya ce. "Na ɗauka matsalar waya ce. Gogewa nake yi."

"Me ya ce?" Silvo ya tambayi 'yarsa. Karo na farko ke nan da ya yi wannan tambayar a gaban baƙo.

Ta maimaita masa. Ya yi dariya, ta gaske, har da tari.

"Na'urar tana ji ba ta sani ba. Ni na sani ba na ji. Riƙe saƙar nan, Injiniya. Ba haka ba, ta kunnuwan katakon."

Suka raba gidan uku. Da suka gama, tsohon ya zauna yana goge hannu, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Tinkara, gida shida na kashe da girman kai. Na kuma mayar da 'yata mai sanɗa a gidan ubanta. Ba ke ya kamata ki riƙa sunkuyar da kai ba."

Ta durƙusa ta kifa fuskarta a gwiwarsa. "Ku yafe min, Ata."

"Ban ji ba," ya ce, yana shafa kanta. "Kuma ba sai kin maimaita ba."

Ta raka Lovro mota.

"Ba a ƙara min girma ba," ya ce.

"Na sani. Tun Janairu na sani. Kunya ce ta hana ni rubutowa."

"Ni ma ita ce."

"To mu biyu mun ɓata wata takwas."

Ya buɗe ƙofar motar, ya tsaya. "Me zan riƙa kiran ki yanzu?"

"Ka gwada wancan mu ji."

"Tinka."

"Bai lalace ba," ta ce, hawaye na zubo mata tana murmushi.

Bai kai gada ba saƙonta ya shigo: "Ka bar kwandon, kuma Ata ya ce ka dawo Asabar ka mayar da su, wannan karon duka ashirin da huɗu. Mama ta ce ka zo da yunwa. Ni ban ce komai ba, Injiniyana."

Duk bazarar nan tare suka yi ta. Silvo ya saurara ya faɗi abin da ya ji, Lovro ya rubuta ya gyara wa na'ura kuskurenta. Da kansa tsohon ya ce a kai shi asibiti a Kranj. Da kansa kuma ya koma taron ƙungiya, ya tsaya ya nuna musu ɗan abin da aka maƙala masa a bayan kunne, ya ce, "Rok ya yi gaskiya, da batir yake aiki. Sai ku yi hattara da abin da kuke faɗa a bayana."

An ɗaura auren a watan Satumba na shekarar da ta biyo. Bisa al'ada, samarin ƙauye suka gicciya gungumen itace a hanyar coci, suka miƙa wa ango zarto mara kaifi. Lovro ya cire kwat ya yi ta fama, gumi na ɗiga, amarya tana cewa ya yi sauri firist yana jira. Ƙarshe Rok ne ya fito daga cikin samarin ya kama ɗaya bakin zarton, suka ƙarasa tare.

A wurin biki Milka ta yi kuka har sau uku, ta ce albasa ce. Silvo ya yi ta ƙorafin mai kiɗan akodiyon ya cika ƙara, amma bai bar filin rawa ba.

Da aka natsu ya miƙe, ya haɗa hannun Tinkara da na Lovro a cikin nasa.

"Na ji lokacin da kuka ce kun yarda," ya ce. "Da kunnena na ji, ba wanda ya maimaita min. Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu surutu, in ji su tun daga ƙofa. In ɗayanku ya yi kuskure, ya faɗa da wuri, kada ya jira wata takwas."

Zauren ya amsa da amin. Tinkara ta jingina kanta a kafaɗar mijinta, mai akodiyon ya ja sabuwar waƙa.